Tutocin Tsibirin Martinik: Tambayoyi da Amsoshi

Tsakanin 2018 da 2023 tsibirin Martinik ya ga abin da wasu ƙasashe ba su gani ba cikin shekara ɗari. An cire tsohuwar tuta mai macizai daga kafaɗar jandarmomi, an ƙaddamar da wata sabuwa kotu ta soke ta, wata kuma ta ci zaɓe amma ta faɗi tun ba a ɗaura ta a sanda ba. Wadda ta zauna daga ƙarshe ita ce wadda hukumomi suka daɗe suna yi wa kallon tutar masu tayar da zaune tsaye. Ga tambayoyin da aka fi yi kan wannan lamari.

Ina ne Martinik, kuma me ya haɗa ta da Faransa?

Tsibiri ne a tekun Karebiyan, tsakanin Dominika daga arewa da Sen Lusiya daga kudu. Faɗinsa murabba'in kilomita 1,128, mutanensa wajen 350,000, babban birninsa Fort-de-France. Faransawa sun sauka a can a 1635 ƙarƙashin Pierre Belain d'Esnambuc, suka murƙushe mutanen Kalinago da suka tarar, sannan suka cika tsibirin da gonakin rake da bayin da aka kwaso daga Afirka. An soke bauta a 1848. A ranar 19 ga Maris 1946 dokar da Aimé Césaire, marubuci kuma ɗan majalisa mai wakiltar tsibirin, ya tsaya mata a majalisar Paris ta mayar da Martinik jiha cikin jihohin Faransa. Saboda haka ɗan Martinik Bafaranshe ne a takarda, kuɗinsa yuro ne, yana zaɓen shugaban Faransa, kuma tsibirinsa na cikin Tarayyar Turai duk da kusan kilomita 7,000 da ke tsakaninsa da Paris.

To ashe tutar Faransa ba ita ce tutarsu ba?

Ita ce, a doka. Sashe na 2 na kundin tsarin mulkin Faransa ya ce alamar ƙasa ita ce tuta mai shuɗi, fari da ja, kuma bai ware Martinik ba. Ita ke kaɗawa a ofishin wakilin gwamnatin Paris, a kotuna, a barikin soja, sau da yawa tare da tutar Tarayyar Turai mai taurari goma sha biyu. Abin da ake ta jayayya a kai shi ne tuta ta biyu, ta yanki, irin wadda yankunan Kosika da Bretagne na Faransa suke da ita, wadda za a ɗaga idan Martinik ta fito da sunan kanta a filin wasa ko taron maƙwabta.

Wace ce tutar macizai da ake yawan gani a intanet?

Shuɗiya ce, an raba ta gida huɗu da farin gicciye, a kowane gida akwai farin maciji ya miƙe yana fito da harshe. Asalinta wani umarni ne na ranar 4 ga Agusta 1766, zamanin gwamna d'Ennery, wanda ya tilasta wa masu jiragen ruwa na Martinik da Sen Lusiya su riƙa ɗaga ta don a gane jiragensu. A lokacin tsibiran biyu suna hannun Faransa, ƙarƙashin gwamna ɗaya. Shuɗi da farin gicciye ba sabon abu ba ne, tsohuwar tutar jiragen fatake ce ta Faransa. Macizan ne kawai aka ƙara.

Wani abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne cewa ba a taɓa yin wata doka da ta ce wannan ita ce tutar tsibirin ba. Tutar jirgin ruwa ce, ta shigo tudu ta ƙofar baya. Littattafan tutoci da taswirori suka riƙa buga ta saboda ba su da wata da za su sa a gurbin Martinik, har ta zama kamar ta hukuma.

Me ya kawo maciji kan tuta?

Macijin na gaske ne, kuma a Martinik kaɗai yake a duk duniya. Masana na kiransa Bothrops lanceolatus. Kansa mai kusurwa uku ne kamar tsinin mashi, tsawonsa kan wuce mita ɗaya da rabi, dafinsa na kisa. Wurin zamansa dazuzzuka da gonakin rake da na ayaba, wato daidai inda bayi ke sunkuye da adda daga safe har yamma. Sen Lusiya ma tana da ɗan'uwansa. Yawancin tsibiran da ke kewaye ba su da maciji mai dafi, don haka ga matuƙin jirgi na ƙarni na 18 maciji ya isa ya nuna daga ina jirgi ya fito.

Yadda ake zana macizan, sun lanƙwashe kamar harafin L. Wasu sun ce Lusiya ake nufi, wasu sun ce sarki Louis. Ko wanne ne, ba shi ne ya ɓata sunan tutar ba. A ƙarshen ƙarni na 19 an shigo da tunku tsibirin don ya rage macizan, sai dai shi da rana yake farauta, macijin kuma da dare yake fita, sai tunkun ya koma kan kaji da ƙwan tsuntsaye. Har yau dukansu biyun suna nan.

Da gaske ne jiragen cinikin bayi ne suka riƙa ɗaga ta?

A nan ake ta da jijiyar wuya. Masu kare tutar suna cewa manyan jiragen da ke zuwa gaɓar Afirka daga tashoshin Faransa suke tasowa, irin su Nantes, Bordeaux, La Rochelle da Le Havre, kuma umarnin 1766 ƙananan jiragen tsibirin ya shafa, masu zirga-zirga tsakanin tsibiri da tsibiri. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya. Amma a ganina ba ta wanke tutar ba. Me waɗannan ƙananan jirage ke ɗauka? Sukari, giyar rake da gahawa, duk gumin bayi ne. Su wa suka mallake su? Masu gonaki da fataken da arzikinsu ya dogara kan bauta. A 1766 mafi yawan mutanen tsibirin dukiyar wasu ne a ƙarƙashin dokar bayi ta 1685, wadda ta halatta yanke wa bawan da ya gudu kunne da yi masa tambari da wuta. Ba wanda ya tambaye su ra'ayinsu kan tuta, kuma jikokinsu ne yawancin mutanen Martinik na yau.

Wanda ke son ganin yadda wannan tarihi ke zaune a zukatan mutane, ya dubi gaɓar Anse Caffard a kudancin tsibirin. A can a 1998 aka kafa fararen gumaka goma sha biyar, manya, kawunansu a sunkuye, an jera su suna fuskantar mashigin tekun Gini. An yi su ne don tunawa da wani jirgin bayi da ya tarwatse a duwatsun wurin cikin Afrilun 1830, lokacin da cinikin ya riga ya haramta amma ana yin sa a ɓoye. Mutanen da suka gina wannan wuri, da wuya a shawo kansu cewa tutar fataken wancan zamani ado ce kawai.

In haka ne, yaya aka yi ta kai har 2018?

Sabo da rashin madadi. Tana jikin bajon da jandarmomin Martinik ke ɗaurawa a kafaɗa, tana kan wasu gine-ginen gwamnati, tana kan riguna da kofuna da ake sayar wa 'yan yawon buɗe ido. Ƙungiyoyin da ke neman diyyar bauta sun shafe shekaru suna koke, hukumomi na yin kunnen uwar shegu. Abin da ya ƙara wa koken nasu ƙarfi shi ne dokar Taubira ta 2001, wadda a cikinta Faransa ta amince da bakinta cewa bauta da cinikin bayi laifi ne a kan bil'adama. Sai tambayar ta zama mai sauƙi: ta yaya jami'in gwamnatin da ta yi wannan doka zai tsayar da jikan bawa a hanya da wannan alama a kafaɗarsa? Shugaban Faransa Emmanuel Macron ya ziyarci tsibirin a Satumban 2018, aka tayar masa da maganar, a watan Oktoba kuma aka ba da umarnin cire macizan daga kayan jandarmomi.

Wasu tutoci sun taɓa kaɗawa a tsibirin ban da na Faransa?

Ta Ingila ta kaɗa sau uku: 1762 zuwa 1763, 1794 zuwa 1802, da 1809 zuwa 1814. Zaman na biyu ya yi wa bayi tsada. A 1794 gwamnatin juyin juya hali a Paris ta soke bauta, amma da yake Ingilishi ke riƙe da Martinik, da goyon bayan masu gonaki, sokewar ba ta iso ba. Sai da aka ƙara shekara 54. Akwai kuma wani tsauni a cikin teku kusa da gaɓar kudu, Dutsen Diamant, wanda sojan ruwan Ingila suka haye a 1804, suka ja igwa da igiya har samansa, suka yi masa rajista a matsayin jirgin yaƙin sarki, suka riƙe shi har 1805. Ita kanta tutar Faransa ba kullum take mai launi uku ba. Bayan faɗuwar Napoleon farar tutar sarakuna ta dawo, sai a 1830 mai launi ukun ta koma.

Ita kuma tutar katantanwa ta 2019 fa?

Da aka sauke macizai sai gurbi ya buɗe. Alfred Marie-Jeanne, wanda ke shugabantar majalisar zartarwar tsibirin a lokacin, ya shirya gasar zane, ranar 10 ga Mayu 2019 kuma ya ƙaddamar da tuta mai suna Ipséité tare da take mai suna Lorizon. Tsakiyarta farar katantanwar teku ce babba, wadda suke kira lambi, taurari 34 sun kewaye ta, ɗaya ga kowace ƙaramar hukuma, sauran filin kuma an yanka shi gida takwas, shuɗi da kore. Shuɗin na tekunan da suka kewaye tsibirin ne, Atlantika da Karebiyan, koren na tuddai da tsirrai.

A gaskiya zaɓen lambi ba shirme ba ne. Ana cin namanta, ana kuma fasa tsinin ɓawon a busa kamar ƙaho. Masunta na busa ta su sanar da cewa kifi ya iso gaɓa, bayi kuma da ita suke kiran juna daga tudu zuwa tudu. A Mayun 1848, da aka kulle wani bawa mai suna Romain a garin Saint-Pierre saboda ya kaɗa ganga, taron da ya fito neman a sake shi ya rikiɗe ya zama bore ranar 22 ga wata, washegari gwamna ya shelanta soke bauta ba tare da ya jira takardar Paris ta iso ba. Ganga da lambi suna cikin duk labarin da ake bayarwa na waɗannan kwanaki.

Duk da haka tutar ba ta shiga ran mutane ba. Da yawa sun ce ta fi kama da tambarin kamfanin yawon buɗe ido. Tawagar ƙwallon ƙafa ta je da ita gasar Gold Cup ta 2019, wato gasar ƙasashen Arewacin Amurka, Amurka ta Tsakiya da Karebiyan, magoya baya kuwa suka riƙa zuwa da wata tuta daban, ja-kore-baƙi. Abin mamakin shi ne Marie-Jeanne da kansa tsohon ɗan gwagwarmayar 'yancin kai ne, shi ya kafa jam'iyyar masu neman 'yancin kai ta MIM a 1978, amma ya tsallake tutar da aka san masu wannan ra'ayi da ita.

Me ya sa kotu ta soke ta?

Ba don zanen ba. Ranar 15 ga Nuwamba 2021 kotun da ke duba ayyukan hukumomi ta ce zaɓen tuta da take hurumin majalisar dokokin tsibirin ne mai kujeru 51, ba na shugaban zartarwa shi kaɗai ba. Kafin nan ma Marie-Jeanne ya riga ya sha kaye a zaɓen Yunin 2021, Serge Letchimy ya hau. Tutar ta tafi ba mai yi mata kuka.

Daga ina ja-kore-baƙi ta fito?

Siffarta dai ga ta: jan alwatika a gefen sanda, tsininsa na kallon tsakiya, kore a sama, baƙi a ƙasa. Babu tauraro, babu rubutu, yaro ma zai iya zana ta, kuma wannan na cikin ƙarfinta.

Masoyanta suna kai tarihinta nesa. Suna cewa an ga launukan a boren Francisque Fabulé na 1665, an kuma gan su a ɗaurin kan masu boren kudu na Satumban 1870. Shi wannan bore na 1870 tabbatacce ne, kuma ya cancanci a tsaya a kansa. Wani Bature ya zane wani baƙar fata mai suna Léopold Lubin da bulala a hanya, kotu ta ƙi kula ƙararsa, da ya rama da hannunsa sai aka yanke masa shekara biyar ta aikin wahala. Da labari ya iso cewa daular Napoleon na Uku ta faɗi, mutanen Rivière-Pilote da kewaye suka tashi, aka ƙona gonaki da dama, aka kashe Louis Codé, ɗaya daga cikin waɗanda suka zauna shari'ar Lubin. An murƙushe boren da ƙarfin bindiga. Wata matashiya, Lumina Sophie, an tura ta kurkukun Giyanar Faransa da ke Kudancin Amurka, a can ta rasu a 1879. Maganar cewa waɗannan mutane sun ɗaura ja da kore da baƙi, ruwaya ce ta baka da 'yan gwagwarmaya ke riƙe da ita.

Abin da ke da ƙafa a ƙasa ya fara ne daga shekarun 1960. A Disambar 1959 an yi tarzoma a Fort-de-France, jami'an tsaro suka kashe samari uku. A Disambar 1962 wata ƙungiyar matasa masu adawa da mulkin mallaka, OJAM, ta manna takardu a bangon gari cewa Martinik ta 'yan Martinik ce, aka kama mutum 18 aka kai su shari'a Paris. A cikin wannan yanayi launukan suka fara yawo, siffar da aka sani yau kuma ana jingina ta ga Guy Cabort-Masson da Alex Ferdinand, wajen 1968. Mutumin da ya fito da ita fili sosai shi ne Garcin Malsa, magajin garin Sainte-Anne daga 1989 zuwa 2014, wanda ya ɗaga ta a ofishinsa tun 1995, ya sha shari'a a kanta, bai sauke ba.

Me launukan ke nufi, kuma suna da alaƙa da Afirka?

Bayanin da aka fi ji shi ne ja na jinin da aka zubar da gwagwarmayar neman 'yanci, kore na ƙasa da noma da fata, baƙi na baƙar fata da asalinsu. Masu ra'ayin gurguzu na shekarun 1970 sun ƙara da cewa jan nasu ne. Launukan su ne dai waɗanda ƙungiyar Marcus Garvey, ɗan Jamaika, ta ayyana a taronta na New York cikin Agustan 1920 a matsayin launukan baƙar fata na duniya. Su ne a tutar Kenya da ta Malawi, su ne kuma a tutar Biyafara ta 1967, wadda ba baƙuwa ba ce ga ɗan Najeriya. Tutar Ghana ta bi wani layin, na Habasha, mai ja da ruwan ɗorawa da kore, amma baƙin tauraronta daga kamfanin jiragen ruwan Garvey ya samo suna.

Alaƙar Martinik da Afirka ba ta tsaya ga bauta ba. Da Faransawa suka ci Dahomey, can suka kai sarki Behanzin a 1894, ya zauna shekara goma sha biyu kafin a kai shi Aljeriya inda ya rasu a 1906. Frantz Fanon, marubucin da ya sadaukar da shekarunsa na ƙarshe ga gwagwarmayar 'yancin Aljeriya, haifaffen Fort-de-France ne, kuma ɗalibin Césaire.

Yaya tutar 'yan tsiraru ta zama ta gama-gari?

Fushi ne ya raina ta. A Fabrairun 2009 an yi yajin aikin gama-gari na sama da wata guda kan tsadar rayuwa. Sai kuma batun chlordécone, maganin ƙwarin ayaba da aka yi ta zubawa a gonakin Martinik da maƙwabciyarta Gwadalup daga 1972 zuwa 1993. Amurka ta hana shi tun shekarun 1970, Faransa ta hana shi a 1990, amma aka ba masu gonakin tsibiran rangwamen ƙarin shekara uku. Gubar ta shiga ƙasa, ta shiga rafuka, ta shiga kifin gaɓa da doya da dankali. Binciken hukumomin lafiya na Faransa ya same ta a jinin sama da kashi 90 cikin 100 na manya, kuma tsibiran biyu suna cikin wuraren da cutar dajin prostate, wata gaɓa da ke ƙarƙashin mafitsarar maza, ta fi yawa a duniya. Manyan gonakin ayaba da manyan kantuna kuwa, da yawansu na hannun béké, wato jikokin Turawan da suka mallaki bayi, waɗanda ba su fi kashi ɗaya cikin ɗari na jama'a ba.

Matasan da suka riƙa tare ƙofofin kantuna daga 2019, da dubban da suka cika titunan Fort-de-France ranar 27 ga Fabrairu 2021 don kada a binne shari'ar gubar, ja-kore-baƙi ce a hannunsu. Ita ce a hannun waɗanda suka kayar da gumakan Victor Schoelcher, Bafaranshen da ake jingina wa dokar soke bauta ta 1848, ranar 22 ga Mayu 2020, suna cewa bayi ne suka 'yantar da kansu ba wani ɗan majalisa daga Paris ba. A watan Yuli na shekarar suka bi da gunkin d'Esnambuc da na Joséphine matar Napoleon, wanda dama ba shi da kai tun 1991. Ba duk mai riƙe da tutar ne ke son rabuwa da Faransa ba. Ma'aikaciyar jinya da ke kukan tsadar madara ma ta ɗauke ta, don ba ta da wata alamar da za ta nuna cewa ita 'yar nan ce kuma ranta a ɓace yake.

Me ya faru a zaɓen Janairun 2023?

Gwamnatin Letchimy ta ce wannan karon jama'a za su zaɓa. Aka tace zane-zanen da aka turo, aka buɗe ƙuri'a ta intanet, biyu suka kai zagaye na ƙarshe: ja-kore-baƙi, da wata mai launuka iri ɗaya amma da hoton kolibri a tsakiya, ɗan ƙaramin tsuntsun nan mai dogon baki da ke tsayawa cak a iska yana tsotsar fure. Mai tsuntsun ta yi nasara da kusan kashi 73 cikin 100. Waɗanda suka kaɗa ƙuri'ar dai ba su kai ɗaya cikin goma na mutanen tsibirin ba, kuma a bayyane yake cewa da yawa sun zaɓi tsuntsun ne don su tare hanyar ɗayar.

Kafin a gama murna sai ce-ce-ku-ce ya ɓarke. Aka zargi mai zanen da ɗauko hoton tsuntsun daga wata taskar hotuna ta intanet, aka yi mata ca a shafukan sada zumunta, ranar 23 ga Janairu ta janye zanenta. Ranar 2 ga Fabrairu 2023 majalisar dokokin tsibirin ta amince da wadda ta zo ta biyu, da ƙuri'a 44, mutum ɗaya ya ƙaurace.

Hanyar ba ta yi kyau ba, kuma masu cewa an yi wa zaɓen fashi suna da abin faɗa. Tutar da ta sha kaye da rata mai yawa ce aka naɗa. Amma ko da kolibri ta zauna, ina ganin makomar katantanwa za ta samu: tana rataye a ofis, ɗayar tana titi. Wani abin lura kuma, Letchimy ɗan jam'iyyar PPM ne da Césaire ya kafa a 1958, mai neman cin gashin kai a cikin Faransa. A hannunsa tutar masu neman ɓallewa ta zama ta hukuma, bayan jagoran masu neman ɓallewar ya ƙi ta.

Wannan na nufin Martinik ta kama hanyar 'yancin kai?

A'a. Ranar 10 ga Janairu 2010 an tambayi mutanen tsibirin ko suna son ƙarin cin gashin kai, ba ma 'yanci ba, kusan kashi 79 cikin 100 suka ce ba sa so. Mako biyu bayan nan suka amince da abu mafi sauƙi, wato haɗe majalisun tsibirin biyu su zama ɗaya, wanda ya fara aiki a ƙarshen 2015. Albashin ma'aikata, fansho, asibiti da tallafin marasa aiki duk da Paris suke ɗaure, kuma mutane sun san haka. Iyakar abin ta fito fili a Mayun 2023, lokacin da majalisar da ta zaɓi tutar ta ayyana Kiriyol, harshen gida na mutanen tsibirin, a matsayin harshen hukuma tare da Faransanci. Wakilin gwamnati ya garzaya kotu, kotu ta taka wa matakin birki, don kundin tsarin mulki ya ce harshen jamhuriya Faransanci ne. An bar musu tuta, an hana su harshe.

A ina ake ɗaga ta a hukumance?

Mafi yawa a wasanni da tarukan al'adu da na yanki. Martinik mamba ce a hukumar ƙwallon ƙafa ta CONCACAF amma ba ta cikin FIFA, saboda haka tana buga Gold Cup, inda ta taɓa kaiwa zagayen kusa da na kusa da ƙarshe a 2002, amma ba ta neman gurbin Kofin Duniya. A gasar 2023 da sabuwar tutar ta fito. A wasannin Olamfik kuwa ɗan Martinik tutar Faransa yake bi. Wendie Renard, wadda ta daɗe tana jagorantar tawagar matan Faransa, a tsibirin aka haife ta, mahaifiyar Thierry Henry da mahaifin Raphaël Varane ma 'yan can ne. Tsibirin ya kuma shiga ƙungiyar ƙasashen gabashin Karebiyan, OECS, a 2015 a matsayin abokin tarayya, kuma zama a irin wannan tebur yana buƙatar ɗan ƙyallen da za a ajiye gaban wakili.

Kowa ya yarda da ita yanzu?

Ina fa. Masu son zama daram cikin Faransa suna ganin an ɗora musu tutar jam'iyya, wasu fararen fata da jikokin 'yan Indiya da aka kawo aikin rake bayan 1848 suna tambayar ina nasu gurbin a cikin launukan. A ɗaya gefen, wasu tsofaffin 'yan gwagwarmaya suna ganin an cire mata haƙora tun da ta koma kusa da tutar Faransa a gaban ofis. Titi dai bai sake ta ba. A Satumba da Oktoban 2024, da zanga-zangar tsadar abinci ta sake tashi har aka sa dokar hana fitar dare, ita ce ta cika hanyoyi. Alƙaluman hukumar ƙididdiga ta Faransa na 2022 sun nuna abinci a Martinik ya fi na babban yankin ƙasar tsada da kusan kashi 40 cikin 100.

Sauran tsibiran Faransa fa, yaya suke yi?

Kowa da kiɗansa. Folinesiyar Faransa tana da tutarta ta hukuma tun 1984, ja da fari da kwalekwale a tsakiya. Sabuwar Kaledoniya tun Yulin 2010 take ɗaga tuta biyu a jere, ta Faransa da ta masu neman 'yancin Kanak, 'yan asalin ƙasar, ba tare da an daidaita kan guda ɗaya ba. Gwadalup, maƙwabciyar Martinik, har yanzu ba ta da wadda majalisarta ta tsayar a matsayin tutar tsibiri.

Me ya sa har yanzu wasu wayoyi ke nuna macizai idan an nemi tutar Martinik?

Saboda lokacin da aka tsara ƙananan hotunan tutoci na waya, masu zanen sun ɗauki abin da suka tarar a littattafai, wato ta 1766. Bayan matakin 2023 kamfanoni sun fara sauya ta ɗaya bayan ɗaya. Wayar da ba a sabunta manhajarta ba za ta ci gaba da nuna macizai huɗu, ko da wanda ya turo saƙon ja-kore-baƙi yake gani a tasa.